Maƙwabciyar Farko

Ban taɓa ɗaukar gawa ba a garinmu Urkitza. Shekara ashirin ke nan ina cewa ciwon baya gare ni, har mutane sun daina tambaya, wasu tsofaffin ma suna aiko mini da man shafawa. Bayana lafiyarsa ƙalau. Nauyin ne ba na so, da irin kallon da ake yi wa mutum idan ya yi tuntuɓe. Shi ya sa ranar da aka kai tsohuwar gidan Olazar ina can baya da lemata, inda ake ganin komai ba a ɗauki komai ba. Abin da idona bai kai ba kuwa, daga bakin ɗanta Kepa na ji shi.

Ranar Talata da hantsi Kepa yana kicin yana buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya yana neman garin kofi, sai ƙanwarsa Nekane ta sauko daga bene ta ce masa Inna ta cika. Ya tsaya da murfin gwangwani a hannu. Watansa takwas da dawowa gidan da aka haife shi, har yanzu bai san inda ake ajiye komai ba, bai kuma san abin da ake cewa a irin wannan lokaci ba.

Nekane ba ta jira ya samo abin cewa ba. Ita ta yi jinyar tsohuwar shekara shida, kukanta kuma ta riga ta yi shi kaɗan-kaɗan tun ana wanke zannuwan gado. Ta ce ta kira likita, masu akwatin gawa za su zo da tsakar rana, jana'iza gobe da ƙarfe huɗu. Abin da ya rage nasa ne: ya sa takalmi da hula ya gangara gidan Larrabe.

Kepa ya ce ai an daina wannan. Ya ce yanzu mota ce ke zuwa ta ɗauki mutum har ƙofar coci, ya gani da idonsa sau biyu tun fitowarsa.

"Wasu sun daina," in ji Nekane. "Ita ta sa ni na rantse. Ta hanyar gawa za a bi da ita, a kafaɗa, gicciye a gaba. Kai ne babba a gidan nan, Yaya, ko ka manta? Ba ka taɓa yi mana amfanin komai ba, yau ga dama ta samu."

Haka abin yake a duwatsunmu tun kafin a yi titi. Idan mutuwa ta shiga gida, mutanen gidan ba sa yi wa kansu komai. Babban gida zai taka da ƙafarsa zuwa gidan da ya fi kusa, ya cire hula, ya faɗa. Wannan shi ne maƙwabcin farko, shi zai ɗauko gicciye daga coci ya wuce gaban akwati. Ba a aika wani, ba a buga waya. Maƙwabcin farkon Olazar kuwa gidan Larrabe ne, kuma mutum ɗaya ya rage a cikinsa, Itziar, 'yar Bixente mai motar madara.

Kepa ya zauna ya ɗaura igiyar takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurawa.

Yana da shekara ashirin da biyar ya ƙetara iyaka zuwa ɓangaren Faransa, jandarmomi na nemansa. Kafin ya cika talatin da uku ya zama ɗaya daga cikin mutum uku da ke riƙe da ƙungiyar nan da ta ɗauki makami don ƙasar Bask ta ɓalle daga Sifaniya. Mutane suna tsammanin shugaban irin wannan ƙungiya da bindiga yake kwana. Kepa a ɗakin bayan gidan wasu tsofaffi yake zaune, labule a sake, yana karanta 'yan takardu da ake naɗewa kamar sigari, yana rubuta i ko a'a a ƙasa. Bai taɓa ganin gawar wani da ya rubuta wa i ba.

Wata rana takarda ta zo da sunan garinsu. Jandarmomi sun gano ramin makamai a dajin da ke bayan Larrabe, an kama mutum huɗu. Takardar ta ce Bixente ne kaɗai ke bin wajen kullum da asuba, kuma shi ke kai madara barikin jandarmomi, an sha ganinsa yana dariya da mai gadin ƙofa. Bixente ne ya koya wa Kepa tuƙi a wannan motar. Kepa ya tuna da haka, ya kuma ga cewa idan ya rubuta a'a sauran biyun za su ce ya yi son kai saboda maƙwabtaka. Ya rubuta i.

An maƙala bam a ƙarƙashin motar a mararrabar da hanyar Larrabe ta haɗu da titi, wajen dakalin dutsen da ake jera garwar madara. Itziar tana da shekara goma sha biyu, ta biyo mahaifinta da gudu da ƙunshin abincin da ya manta.

Bayan sati uku lauya ya aiko da kwafin takardun kotu. Karen wani mafarauci ne ya tono ramin, mafaraucin kuma baƙo ne daga wani lardi. Kepa ya karanta sau biyu, ya ƙona, ya ce wa sauran biyun ƙungiya ba ta janye sanarwa. Kalmar da aka rubuta da jan fenti a bangon Larrabe, ɗan rahoto, ta zauna a wurin har ruwan sama ya gaji da ita. Sauran biyun sun mutu tuni. An kama Kepa bayan shekara huɗu, ya yi ashirin da shida a kurkuku. Sau uku ana kawo masa takardar nadama ya sa hannu a rage masa, sau uku yana mayarwa. Ƙungiyar ta ajiye makamai ta watse yana ciki, a talabijin ya gani kamar kowa. Abin da ya fito da shi ke nan, bayan jakar leda da haƙoran roba: ana cewa Kepa na Olazar bai taɓa sunkuyawa ba.

Tsakanin gidajen biyu tafiyar minti bakwai ce. Wata takwas yana zagayawa ta titi, tafiyar rabin awa, don kada ya bi ta nan. Yanzu yana gangarawa tsakanin itatuwan tuffa yana shirya magana a ransa. Ya san za ta sa masa sharaɗi. Shi da kansa da shi ne a matsayinta da ya sa. Za ta ce sai ya faɗi gaskiya kafin ta taɓa gicciye, shi kuma zai faɗa, tunda gawar uwarsa ce a kwance, ba wanda zai ce ya sunkuya don kansa. Har ya ɗan ji daɗin yadda abin ya zo. Ya gyara jimlar farko sau uku, kamar yadda yake gyara sanarwa a da.

Ya isa ƙofar ya tsaya, hannuwa a gefe. Bai ƙwanƙwasa ba. Tun fitowarsa haka yake yi wa kowace ƙofa, sai ya ankara.

"A buɗe take," in ji wata murya daga gefensa. "Ko gandiroba kake jira?"

Itziar ce ta fito daga rumfar tatsar tumaki, da takalmin roba har gwiwa da tiyo a hannu. Yarinya mai kitso biyu ya sani. Wannan mace ce mai shekara arba'in da biyu, da furfura a gaban goshi da faɗin kafaɗun mahaifinta. Ta rufe famfo ta ajiye tiyon, ta tsaya a gabansa sosai, tana kallon bakinsa.

Ya cire hula. Iska ta taɓa sanƙonsa.

"Mutuwa ta shiga Olazar," ya ce. "Na zo wurin maƙwabcin farko."

Ta tambayi yaushe, ya faɗa. Ta tambaya ko ta sha wahala, ya ce bai sani ba, yana ƙasa. Ta gyaɗa kai kamar wannan amsar ce ta zata. Ta ce Allah ya ba ta hutawa, za ta je coci da yamma ta karɓo gicciyen, gobe uku da rabi tana ƙofarsu.

Shi ke nan. Ba sharaɗi. Kepa ya ji kamar wanda ya ɗaga ƙafa zai hau matakala ya tarar babu. Ya murza hular ya ce, "Itziar, akwai wata magana da ya kamata..."

"Ka faɗi abin da aka aiko ka," ta ce. "Mayar da hularka."

Ya mayar.

Sai ta ce kada ya ɗauka don shi za ta yi, ba ma don tsohuwar ba, wadda shekara talatin ba ta ce mata ina kwana ba. Gida ne ke yi wa gida. Ta ce lokacin da nasu ya faru, mahaifiyarta ta hau wannan hanyar da ya gangaro, ta tsaya a ƙofar Olazar ta faɗi kalmomin nan da ya faɗa yanzu. Mahaifin Kepa ya leƙo ta taga ya ce zazzaɓi yake yi. Mahaifiyarta da kanta ta ɗauki gicciye a gaban akwatin mijinta, abin da ba a taɓa gani ba a Urkitza, mutum tara a bayanta.

"Washegari na ga babanka a kasuwa yana taya maraƙi," ta ce. "Zazzaɓin ya sauka."

Kepa bai san wannan ba. Ba wanda ya rubuto masa.

Ta sunkuya ta ɗauki tiyonta, sannan ta tambayi su wa za su ɗauki akwatin. Ya ce bai sani ba tukuna, matasa duk suna masana'anta a birni, wataƙila Andoni zai haɗa mutane.

"Abokanka," ta ce. "To. Ka ce musu su ci abinci sosai."

Yana hawowa ya lura ƙafarsa ta yi sauƙi. Ya zo zai faɗa, ita ta hana shi. Ba laifinsa ba ne. Ya yi rabin hanya kafin kunyar wannan sauƙin ta cim masa, ita ma ba ta daɗe ba.

Da azahar ya shiga gari wurin Andoni. Andoni ke da mashayar da ke kallon dandali, inda hoton Kepa ya yi shekara ashirin da shida a rataye bisa kwalabe, saurayi mai gashin baki. Da ya fito aka sauke hoton aka sa na wani da ke ciki har yanzu, tun daga nan yaran gari suka daina gane shi. Andoni ya yi shekara tara a kurkuku, ya fito da tumbi da ciwon suga da murya mai cika ɗaki.

Ya rungume Kepa, ya zuba masa giyar tuffa, ya tura masa farantin ƙwai da dankali. Ya ce kada kwamanda ya damu da komai, mutum shida sun riga sun samu, duk 'yan gida ne, kowa ya ɗanɗana kurkuku. Ya ce zai kawo tutar Bask a lulluɓe akwatin, a samo mai rawa ya yi wa Inna rawar girmamawa a ƙofar coci, uwar da ta yi shekara ashirin tana hawa bas ta kwana a hanya don ganin ɗanta ta bayan gilashi na minti arba'in. Kepa ya ce Nekane ta ce wanda ya kawo tuta da ita za ta goge ƙasa. Andoni ya yi dariya ya ce Nekane ce ya kamata a ba ƙungiya tun farko, da yanzu muna da fasfo namu.

Da ya ji wadda za ta ɗauki gicciye dariyar ta tsaya.

"'Yar ɗan rahoto ce za ta wuce gaban Inna?"

Kepa ya ce al'ada ce, tsohuwar ce ta nema.

"Al'ada," in ji Andoni. Ya goge kanta inda ba datti. "Mutum huɗu ubanta ya kai. Ɗayansu bai fito da rai ba. Ni na tsaya sati biyu a cikin ƙaya ina rubuta lokacin da yake tada mota, kwamanda, ka sani. Ban taɓa rasa barci a kansa ba, ko dare ɗaya."

Kepa ya dubi mutumin. Shekara talatin Andoni yana tsaye a kan wannan magana kamar wanda ke tsaye a kan murfin rijiya. Kepa ya buɗe baki, ya ga cokali a hannunsa, ya kai ƙwai. Ya cinye farantin cikin minti uku, a tsaye, bayansa na jikin bango, kamar yadda ya saba.

Laraba ta zo da yayyafin nan namu da ba ya sauka ba ya ɗaukewa. Uku da rabi daidai Itziar na ƙofar Olazar da baƙar rigar ruwa mai hula. Gicciyen na ƙarfe ne a kan doguwar sanda, ya fi ta tsawo da kamu biyu. Ba ta shiga ba, ba ta gai da kowa ba. Aka fito da akwatin, mutum shida suka saɓa, Andoni a gaba ta dama. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shekararsa sittin da ɗaya. Kepa da Nekane suka bi baya, sai Fada, limamin coci, wani saurayi da aka aro mana daga Kolombiya yana riƙe da ƙauyuka shida, sai mu sauran, kamar mutum arba'in.

Doka biyu ce a hanyar gawa, kowa ya sha su a nono. Ba a wuce gicciye. Ba a kuma dire akwati a ƙasa sai a ƙofar coci.

Hanyar siririya ce, duwatsu da taɓo, ganye na shafar gwiwa. Aka gangara a hankali, aka wuce Larrabe, tumakinta suka ɗago suna kallonmu. Kepa yana kallon bayan wuyan Andoni yana jan ƙafa, yana lissafin cewa saura kwata na awa a gama, ya koma zagayensa ta titi.

A mararraba, wajen dakalin madara, Itziar ta tsaya. Ta kafa gindin sandar a ƙasa.

Masu akwati suka ci birki, na baya suka yi karo da na gaba. Muka ɗauka hannu take canjawa. Ba ta canja ba. Tana tsaye, fuskarta na kallon titi, ruwa na ɗiga daga hannuwan gicciyen. Ba a tsayawa a nan. Akwai inda ake tsayawa a yi addu'a, can gaba wajen gada, kowa ya sani, sai Fada kaɗai, wanda ya buɗe littafinsa ya fara karatu da zuciya ɗaya. Ya kai ƙarshe ya ce amin. Mutum biyu suka amsa. Gicciye bai motsa ba.

Babu wanda ya tambayi dalili. Dakalin yana nan, da gefensa ɗaya da aka sake ginawa da siminti. Rabin waɗanda ke tsaye a wurin sun ji ƙarar a wancan lokaci daga gadajensu, sun kuma rufe taga.

Minti biyar. Akwatin itacen gaske ne, Nekane ba ta yi rowa ba. Andoni ya ce ta cikin haƙora, yarinya, mu je mana. Ko gezau. Ya ƙara da wata kalma da ba a faɗa a gaban gawa. Imanol, wanda ke baya ta hagu, an yi masa aikin zuciya bara, fuskarsa ta koma kalar toka. Wani daga cikinmu ya matsa zai karɓe shi, amma hanyar ba ta da faɗin da mutum zai shiga ƙarƙashi ba a karkata akwatin ba. Ni dai na riƙe lemata da kyau.

Sai Imanol ya ɗan durƙusa. Akwatin ya karkata baya, muka ji abin da ke ciki ya zame ya bugi katako. Ƙaramar ƙara ce, kamar an ajiye kofi a tebur.

Nekane ta damƙi hannun Kepa har farcenta ya shiga.

"Inna za ta faɗi a taɓo," ta ce a hankali. "Ba ni ta tsaya jira ba, Yaya. Ka je."

Ya fita daga layi. Ta dama akwai ɗan fili, amma nan Andoni yake, kunnensa bai fi taku biyu daga Itziar ba. Kepa ya zagaya ta hagu, ya kutsa cikin jiƙaƙƙen ganye yana dafa akwatin uwarsa, ya wuce masu ɗauka uku, ya tsaya rabin taku a bayan kafaɗarta, don ba a wuce gicciye. Ya cire hula. Daga inda nake ina ganin ruwa na sauka a sanƙonsa, leɓɓansa na motsi kusa da hular rigarta.

Jimlolin da ya gyara jiya duk sun gudu. Ya yi ƙasa da murya yadda ba za ta kai ɗaya gefen ba.

"Babanki bai kai rahoton kowa ba," ya ce. "Kare ne ya tono ramin, karen wani baƙo. Ni na ba da izini. Bayan sati uku na san gaskiya, na ƙona takardar, na ce a yi shiru. Ba wanda ya sani a raye sai ni. Shi ya koya mini tuƙi, Itziar. Na sani lokacin da nake rubutawa."

Ya jira. Bai nemi gafara ba. Ba ta juyo ba. Yana ganin gefen kumatunta kawai, da ruwa a kai, wanda ya ɗauka hawaye ne. Ya ƙirga numfashinsa har goma sha biyu. Can ƙasa ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya-ɗaya.

Itziar ta ɗaga sandar ta taka titi.

Aka bi ta. Imanol ya kai ƙofar coci da ƙafarsa, aka dire akwatin, shi kuma aka zaunar da shi a dakali ana yi masa fifita da takardar waƙoƙi. Itziar ta jingina gicciyen inda ta ɗauko shi, ta fita ta ƙaramar ƙofa tun kafin a fara addu'a. Lokacin tatsa ya yi.

Bayan an rufe kabari aka zauna cin abincin makoki a ɗakin bayan mashayar Andoni, wake da kabeji da tsiran alade. Andoni yana ta faɗa wa kowa cewa kwamanda ne ya yi maganinta, kalma biyu ya raɗa mata ta kama hanya, wanda ya iya ya iya. Ya tambayi Kepa me ya ce mata. Kepa ya ce tsakaninsu ne. Andoni ya buga masa kafaɗa ya ce ko a kurkuku ba a taɓa jin komai daga bakinsa ba.

Kusa da ni Kepa ya zauna, wataƙila don ni ba na kowa ba ne. A kan kujera yake, bayansa ga ƙofa, yana cin wakensa cokali-cokali har ya huce. Da mutane suka ragu ya ba ni labarin duka, tun daga gwangwanin kofi, da muryar wanda ya sauke buhu. Ya ce shekara talatin yana ɗauke da abin, ya ajiye shi a hannun mai shi, ta karɓa, ta ɗaga gicciye. Ya ce bai san me za ta yi da shi ba, ko ta kai wa 'yan jarida ko kotu, ya shirya. Ya ce daga gobe ta Larrabe zai riƙa bi in zai shiga gari. Ya roƙe ni kada Andoni ya ji daga bakina.

Na ce ba zai ji ba. Na ƙara masa burodi.

Kepa ya bar garin nan kafin abin ya faru, ya dawo bayan an daina maganarsa, shi ya sa akwai abin da yaran makaranta suka sani shi bai sani ba. Ta hagunta ya tsaya. Itziar ba ta ji da kunnen hagu tun ranar da motar ta tashi.